Ƙarshen da Inna Ta Karanta

Ran Lahadi na sayo shi a Gujungu,
a shimfiɗar Malam Ilu, tsakanin mai gishiri da mai igiya.
Bango ya sha hannu, gefe ya sha mai.
Ya ce, "Kawo ɗari uku, don na san babanki."

Da dare muna ɓarar gyaɗa,
fitilar sola na rataye a ƙusa,
na ce, "Inna, in karanta miki?"
Ta ce, "Ƙaryar 'yan boko? To, karanta.
Hannu ke aiki, kunne zaman banza yake."

Labarin wani yaro ne da ya bar garinsu
da jaka ɗaya da alkawari biyu,
ɗaya ga uwarsa, ɗaya ga wata mai wushirya.
Birni ya ba shi takalmi, ya karɓe sawunsa,
har tuwon dawa ya koma ɓata masa ciki.

Inna ta ja tsaki: "Ɗan nema!"
Ta yi dariya inda masoyan ke kuka a waya,
wai a zamaninsu goro ɗaya ya gama zance.
Dare na biyu Gwaggo Hansai ta shigo aron rariya,
ta tafi tsakar dare, ta bar rariyar.
Dare na uku mun kai mu bakwai,
ban da Baba da ke tari a bayan zana
kamar ba saurare yake ba.

Dare na huɗu aka zo inda uwar
ke ware masa sabon gero kowace kaka,
ta zuba a tukunya, ta liƙe baki da laka,
ƙwari su cinye, ta zubar, ta sake.

Hannun Inna ya tsaya cikin gyaɗa.

Ban ɗaga kai ba. Na san ɗakinmu.
Na san ƙwaryar da ba mai taɓawa.
Na san bana shekara shida
da Sabi'u ya kira daga Agadas
ya ce cajinsa zai ƙare.

Na ce, "Mu bari sai gobe?"
Ta ce, "Wa ya ce ki tsaya?"

Yaron ya hau mota, ya wuce gada,
ya hango kukar garinsu,
ya sauka, ya saɓa jaka, ya—

Shi ke nan. Ba sauran shafi.
Zare kawai, da dasashin takarda ba haƙori.
Ƙila da ƙarshen aka ƙunshe wa wani ƙosai,
ya lashe man, ya yar a hanya.

Gardama ta kaure.
Gwaggo Hansai ta ce uwar ta rasu,
haka masu rubutu suke, ba su da imani.
Lantana ta ce mai wushirya ta yi aure, 'ya'yanta uku,
kuma daidai ta yi.
Daga bayan zana Baba ya ce,
"Gonar fa? Ba wanda ya tambayi gonar."

Inna ta kakkaɓe ɓawo daga zaninta.
Ta ce, "Duk ba ku iya karatu ba.
Ya yi sallama. Ba ta amsa da wuri ba,
tana tankaɗe, ta ba ƙofa baya.
Ta ce, ga ruwa can a randa, wanke ƙafarka.
Sai ta ƙara gari a tukunya.
Iyakar abin ke nan."

Ba wanda ya ce uffan.
Fitila ta fara lumshe ido.

Da Lahadi ta zagayo, Malam Ilu ya yafito ni,
ya samo cikakke, sabo fil, ba shafin da ya ɓata.
Na juya shi a hannu, na ji nauyinsa,
na mayar masa kan tabarma.
Na sayo wa Inna gishiri da ashana,
da ludayi ɗaya da ba ta aike ni ba.