Ɗan Ƙamus Mai Jan Bango

Shekara biyu ina tuƙa tsoho Tan
daga Gamkalle zuwa shantiye, ƙetaren gulbi.
Ba Hausa, ba Zabarmanci,
Faransancinsa bai cika cokali ba.
Tsakaninmu sai ɗan ƙamus mai jan bango,
Sinanci a dama, Turanci a hagu,
ni kuwa Turancina tun na lakwal,
ya sha rana ya koɗe.

Ran farko ya ce, "Ni ci la ma?"
Na ji ni, na ji ci, na ce yunwa yake ji.
Muka buɗa ƙamus:
ashe ni nasu kai ne,
amma ci nasu ci ne, kamar uwa ɗaya ta yaye mu.
Na ce ban ci ba. Na gyara zama.
Har azahar ko ƙosai babu.
Gaisuwa ce kurum.
To, mu ma mukan ce ina gajiya
mu bar mutum da kayansa a ka.

Ranar da kamiyo ya kafe a yashi
yana ihu, "Ja yo! Ja yo!"
Ƙamus ya ce: ƙara mai.
Na sheƙa neman jarka,
na dawo na tarar lebura sun tura ta fita,
Tankari yana dariya har da riƙe ciki.
Man nan ba na tanki ba ne,
a ƙirji ake zuba shi.

Na tambaye shi tuƙina.
Ya ce doki doki, damisa damisa.
Kwana uku ina taƙama
kafin in gane ba yabo ba fallasa ke nan.

In ya yi bayani ba mu gane ba
sai ya ce yana kaɗa wa sa molo.
Wata yamma a Harobanda na taka birki,
na nuna masa yaro da sarewa,
farare ashirin suna binsa, kunnuwa a miƙe.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ciro biro ya ja layi a kan shafin.

Akwai hoton 'yarsa a bayan waya,
ta yi haƙora ba ya nan, ta fara karatu ba ya nan.
Ya ce wannan shi ne cin ɗaci.
Na ce mu sha muke yi,
wuya, wahala, duk da ruwa suke wucewa.
Ya ce namu ya fi sauƙin haɗiya.
Ban ce masa komai ba.

A filin jirgi ni ya kamata in ce sauka lafiya,
sai na ara nasu: man man zo, tafi sannu sannu.
Ya bar mini ƙamus a kan kujera.
A bangon baya ya rubuta sannu da hannunsa,
ya jera mata fassara bakwai,
ya soke shida,
ta bakwai ya sa mata alamar tambaya.