Ƙwai Ɗaya, Mu Uku

Ɗaki na ɗari biyu da sha huɗu, hawa na biyu,
a Rajshahi, inda kogin Padma ke kwana yana lasar gaɓa.
Mu uku ne: ni, da Jhorna, da Moushumi 'yar Kurigram.
Gado biyu, tukunya ɗaya, da rishon lantarki
da muke lulluɓewa da zane kamar jariri
in mai duba ɗakuna ta taho da takalminta mai ƙara.

Ilimin abinci nake karantawa, kada ku yi dariya.
Na haddace abin da jini ke so, da abin da ƙashi ke roƙo,
na zana hanta da jan biro, na ci tara cikin goma,
sannan na sauko ɗakin cin abinci
da tikitin taka talatin ya jiƙe a tafin hannuna.

Miyar dal ɗinmu, in ka leƙa cikinta
za ka ga fankar silin tana juyawa,
za ka ga fuskarka, har ƙurjin goshi.
Jhorna ta ce ƙwayar wake ɗaya ce ta yi wanka a tukunyar, ta fita.
Kifi kuwa an yanka shi siriri,
kana iya karanta jarida ta cikinsa.
Shinkafa ce kaɗai ba ta rowa,
tudu guda, fara fat,
ta toshe bakin ciki, ta bar jiki yana kuka.

Da safe shayi da biskit biyu, a tsaye.
Ƙarfe ɗayan dare, taliyar leda da ɗanyen barkono,
littafi a cinya, sauro a kunne.

Ran Alhamis ce sallarmu: ƙwai ɗaya, dafaffe.
Moushumi ke rabawa da zaren ɗinki,
ta ce wuƙa ɓarauniya ce, tana tafiya da gwaiduwa.

Uwata kan kira bayan isha'i: Kin ci?
Na ci, na ƙoshi.
Ita ma ta ce ta ci.
Mu ajiye waya, kowa ta san ta kowa.

Ran jarrabawa ta uku, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Moushumi ta miƙe karɓar ƙarin takarda,
sai ta tafi luu, kamar rigar da ta zame daga igiya.
Likitar makaranta ta ja fatar idonta ƙasa:
fari, kamar takardar da ba ta kai ga karɓa ba.
Ƙarancin jini, in ji ta. Tun yaushe?

Ni na san tun yaushe.
Na ga faratanta sun lotsa kamar cokali,
na gan ta tana hutawa sau biyu a matakala,
na ga gashinta a matsefi, dunƙule-dunƙule.
Tambaya ta huɗu ce a takardata ta bara,
na amsa ta tsaf, ban bar ko ɗigo ba.
A takarda na gane ta, a gadon kusa da ni ban gane ba.

Ashe kuɗin darasin da take koya wa 'ya'yan wani lauya
gida suke tafiya, duk wata,
tun da ruwa ya cinye gonar babanta.

Yanzu akwai gwangwanin fenti uku a tagarmu,
jan alayyafo ya fara leƙo kai.
Jhorna ta daina sayen katin waya, tana sayo gyaɗa da mazarƙwaila.
Na rubuta wa shugabar masauki wasiƙa mai shafi biyu,
da lissafi, da sa hannun mutum tamanin da ɗaya.
Ta ce za a duba.
Fanka na nan tana juyawa a cikin miya.

Jiya Alhamis, ni na karɓi zaren.
Na ɗan karkata hannu, kashi ɗaya ya fi girma,
na tura mata, ina kallon taga.
Ta daɗe tana duban farantin.
Sai ta ce, Ke dai ba ki iya rabo ba,
ta ci.