Lissafin Ma'aji

Ni tela ne, ba ɗan ƙwallo ba.
Ƙafata ta san keken ɗinki, ba ta san fili ba.
Amma da aka zauna bayan lisha a ƙofar Malam Bawa,
aka ce wa zai riƙe kuɗi,
sai idanu suka sauka a kaina
kamar ƙuda kan ɓawon mangwaro.
Wai mai auna yadi ba ya cin inci.

Adiza ce ta tara mu,
ungozomar ƙaramin asibitinmu na Aboabo.
Ba ta ja zance ba.
Wayarta ta miƙo, muka ga sawun haƙori a gefenta.
"In wuta ta ɗauke, a baki nake riƙe ta,
hannuwana biyu suna wurin mai naƙuda."
Har mai tari ya haɗiye tarinsa.

Sola muke so, da batir biyu.
Sidi dubu goma sha takwas.

Mako uku ina yawo da littafi a hammata.
Hedimasta ya ba mu fili, ya ce ban da taka masa furanni.
Kwaku mai walda ya ara mana ƙarfen raga,
ya ce a ɗakin nan aka yanke wa 'yarsa cibiya.
Igiyar ja daga tashar tirela ta fito, tana warin baƙin mai.
Buhunan tsere na Hajiya Azumi ne, mai shinkafa da wake,
sau biyu ta ƙirga su a gabana: sha huɗu.
Da toka muka ja layi, ni da yaran shagona,
ruwan Kumasi ya lashe shi daren Juma'a,
muka sake ja da asuba, laka har idon sawu.

Mahauta da direbobin tasi suka buɗe wasa.
Alƙali ya manta usur a gida,
da murfin tukunya da ludayi ya raba gardama.
Matan Kejetia suka ja igiya da matan unguwa,
igiya ta tsinke,
kowace na zaune a ƙasa tana rantsuwa su suka ci.
Ƙwai goma sha biyu na saya don tseren cokali,
uku suka ga ƙarshen layi.
Na rubuta: asara, ƙwai tara.

Sai Baba Gado,
shekara arba'in yana tura amalanke a kasuwa,
ya ajiye hula, ya naɗe wando,
ya bar na'ibin liman a baya yana laluben numfashi.
Kyautarsa zakara.
Ya ɗaga shi sama, ya ce a yi gwanjo.
Muntari ya saya ɗari biyu, ya mayar.
Wata 'yar coci mai farin ɗankwali ta saya, ta mayar.
Sau biyar ana sayar da zakara ɗaya,
da magariba ya koma hammatar Baba Gado,
bai san ya fi ni tara kuɗi ba.

Yanzu dare ya raba.
Ina shago ni kaɗai, na zazzage bokiti kan teburin yanka.
Takardu masu danshin gumi, masu warin kifi, masu man ƙosai,
kwabbai, sefa ɗaya da ta ɓata hanya,
da maɓalli.
Na san rigar da ya fito, ni na ɗinka ta,
na kuma san abin da ke aljihun mai ita.
Na sa shi cikin lissafi.

Ina kan dubu goma sha ɗaya wuta ta ɗauke.

Na lalubi waya, na kunna, na sa a baki.
Roba ce, da ɗan gishiri.
Kafin in kai sha uku muƙamuƙina ya fara ciwo,
yawu na bin haɓata,
kuma ni kuɗi nake ƙirgawa, ba mai kuka a gabana.

Dubu sha shida da ɗari huɗu da talatin.
Saura dubu da ɗari biyar da saba'in.
Na sake ƙirgawa, ba su haihu ba.

Gobe zan ga Kwaku kan ya bar mana ƙarfen nan wata guda.
Kafin nan akwai Hajiya Azumi:
buhu sha uku ne a hannuna.