Igiyar Kunjappan

Ruwa ya kwana yana zuba a Alappuzha.
Na hau kwale-kwalen farko, jaka a cinya:
auduga, bandeji, safar hannu,
da kwalbar maganin raɗaɗi
da na yi wa zane da biro, don in san abin da ya saura.
Matuƙin ya san gidan. Ya daina tambaya.

Kunjappan yana da tamanin da ɗaya.
Hamsin daga ciki ya ƙarar da su yana murza zaren ɓawon kwakwa
har ya zama igiyar da ake ɗaure jirage.
Tafin hannunsa har yau kamar bayan itace,
sauran jikin kuwa ya zama ba nauyi.
Ina juya shi a hankali
kamar shafin littafin da ruwa ya jiƙa.

Gyambon kwankwasonsa ya kai murfin kofi.
Na wanke da ruwan gishiri. Bai ce uffan ba,
sai dai ya kamo zaren da ya zare a bakin zanen gado
yana murzawa tsakanin babban yatsa da manuni.
Hannu ya ƙi yarda an tashi daga aiki.

Ammini tana bakin ƙofa da kunun shinkafa.
Kwana uku tana damawa,
kwana uku yana kau da kai.
"Sista, ke ki ce masa ya sha, ke yana jin maganarki."
Na ce, "Uwa, ba kunun ya ƙi ba.
Ciki ne ya rufe shago."
Ta dube ni kamar na zagi kabarin babanta.
Na bar ta ta gama kallon,
sannan na tsoma auduga a ruwa,
na kama hannunta na kai leɓensa.
Nan, da nan. Kada ki matse.
Ya lasa. Ta juya fuska bango.

Waya ta yi ƙara. Ɗansu ne daga Sharjah:
a kai shi babban asibitin Kochi,
ko nawa ne zai turo kafin la'asar.
Muryarsa tana rawa. Na san wannan rawar,
ta wanda nisa ya bari da kuɗi kawai a hannu.
Na kara wayar a kunnen tsoho.
Ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce,
"Sajeevan, na riga na ɗaure jirgi.
Ba a kwancewa da dare."

A makaranta an koya mana ƙirga bugun jini.
Ba wanda ya koya mana zama a kan kujerar roba
mai karyayyar ƙafa
a yi shiru minti ashirin,
ana jin ɗigon rufi yana cika bokiti.
Ammini ce ta koya mini,
ita da wasu talatin kafin ita.

Ranar Alhamis ya tafi, da asuba.
Ba na nan.
Ina can ƙetare ina sauya wa wata malama robar fitsari,
tana yi mini faɗa hannuna da sanyi.

Juma'a na koma karɓar ragowar magani,
haka doka ta ce.
Na ɗaga kwalbar a haske, na auna, na sa hannu.
An riga an jingine katifar a bango.
Ammini ta ce leɓensa a jiƙe yake lokacin.
Sau biyu ta faɗa,
kamar mai miƙa rasit.

Har na sa takalmi ta kira ni.
A tafinta, wata 'yar igiya,
tsawonta bai wuce yatsa ba,
farin zaren zanen gado, murzajje tsaf,
ba inda ya saki.

Na ɗaura ta a zif ɗin jaka, inda mariƙin ya karye tun bara.
Matuƙin ya ce, "Ina muka nufa?"
Na buɗe jakar da ita, na duba littafi.
Gida huɗu kafin azahar,
kuma hadari ya sake haɗowa ta yamma.