Jela Mai Harafi Uku

Ajin dare a Bajoga.
An ɗauke wuta tun magariba,
Malam Bappayo ya jingina wayarsa jikin allo tana haska alli,
ya ce yau za mu koyi rage wa jimla kaya.

Bature, in ji shi, ba ya son dogon zagaye.
In zai ce "matar da take tsayawa a bakin ƙofa",
sai ya zare "da take" kamar mai zare ƙaya,
ya liƙa wa aikatau jela mai harafi uku,
ya ɗaure shi a bayan suna
kamar akuya a turke.

Ni tela ne, wannan bai ba ni wuya ba.
Ka rage hannun riga, rigar tana nan.

Ya ce akwai wata jelar
ta abin da aka riga aka yi wa aiki.
Na ce Malam, ai mu ma muna da ita:
dafaffe, wankakke,
yagaggen wandon da ake kawo mini kowace Asabar.
Ya ce haka ne, sai dai namu gaba yake shiga,
nasu in ya yi tsawo sai ya bi baya.

Amma ku kula da turke, in ji shi.
Gidado ɗan acaɓa bai kula ba, ya rubuta:
"Yana gudu a kan babur, masallacin Juma'a ya bayyana."
Malam ya cire tabarau:
"Wa ya sayar wa masallaci babur?"
Muka yi dariya har maigadi ya leƙo.

Da aji ya lafa na ɗaga hannu.
Malam, tunda an zare "da take",
yaushe matar take tsayuwar?
Jiya ne, ko yanzu?

Ya yi jim.
Ya ce jelar ba ta ɗaura agogo.
Lokacinta aro ne daga babban aikatau,
in bai zo ba, tana nan yadda ka bar ta.

Damina uku ke nan da muka kai Goggo Adda makwancinta.
Ita ce ke tsaya mini a ƙofa in na yi dare a shago,
fitila a hannu,
da zanen nan mai ruwan ƙasa da na kalmashe wa baki,
ba ta cewa komai sai "ka ci?"

Na rubuta da Turancina mai ɗingishi:
tsohuwa, tsaye a bakin ƙofa, riƙe da fitila,
na ajiye biro.

Malam ya ja layi da jan alƙalami.
"Ina babban aikatau? Wannan ba jimla ba ce tukuna."
Na ce gobe zan ƙarasa.

Sati uku ke nan yana tambaya.
Na iya aikatan, duk na haddace su.
Amma kowanne na ɗauko
da lokacinsa yake zuwa.