Tsintsiya a Gaba

Shekara goma sha ɗaya ina jan tanka
daga Apapa zuwa Arewa, hancina ne ɗan rakiya.
In fetur ya ɗiga, tun daga nesa na sani,
wari kan riga bala'i yin sallama.

Yau ga ni a Ijora ina tsaron wata iska
da ba ta da wari, ba ta da launi.
Haidurojin ne sunanta a takarda,
ni kuwa Marar Sallama nake ce mata.

Na san wurin nan tun yana fadama,
kwaɗi ne masu unguwa, sauro ke karɓar haraji.
Injiniya Morenike ta zo da takalmin roba,
ta tsaya cikin taɓo har ƙwauri tana ƙirga taku:
nan rumbu, can famfo,
tsakani kuma fili, ko teburin mai shayi ban da.
Mai ƙasa ya ce asara ce, taku ɗaya a Ikko zinariya ne.
Ta ce, wannan da ka gani babu komai a kai,
ya fi duk abin da za mu gina daraja.

Wata uku ana dukan turaku
kafin su taɓa ƙasar da ba ta motsi.
Uzoma mai walda ya haɗa bututu,
aka haska haɗin, aka ce sake.
Ya sake. Aka ce sake.
Ya yi ƙunƙuni da yarensu, ya ɗauko sabuwar sanda.

Na tambaya: wane irin rufi ne da kafa a tsakiya
a garin da ruwan sama ba ya shawara?
Ta ce, sama take so.
Baƙon da ya ɗaura niyyar tafiya, buɗe masa ƙofa.

Ƙarfe huɗu na asuba bas-bas ke layi,
arba'in da biyu, in ba a riƙe ɗaya a gareji ba.
Kashe inji. Maƙala wayar ƙasa tukuna.
Baba Ajibade, cire tabar nan daga bayan kunne,
na san ba ka kunna ba, cire dai.
Sai bakin tiyo ya yi furfurar sanyi,
ƙanƙara a Legas, ina gumi tana kallona.
Duk Laraba ina bin haɗe-haɗe da ruwan sabulu,
don gishirin teku ɓera ne, ƙarfe yake ci a ɓoye.

Ran wata Asabar, rana tsaka,
na'ura ta fasa ihu.
Na danna jan maɓalli kafin in tuna sunana,
na kora kowa inda iska ke fitowa.
Na duba, babu hayaƙi, babu harshe,
sai wani siririn fito kamar na maciji.
Madubin ganin zafi na wurin mai gyara.
Na ɗauki tsintsiyar kaba, na miƙa ta gabana,
ina tafiya kamar mai bin makaho.
Taku bakwai.
A na takwas bakinta ya yi baƙi, ya kama,
cikin sarari, inda ido ya rantse babu komai.
Nan ƙirjina zai kasance.

Muka bar ta ta cinye abin da ya rage a bututu,
ta mutu don kanta, ba wanda ya yi ko ƙuna.
Morenike ta rubuta shafi shida.
Ni da na je alwala, buta ke rawa.

Da yamma bas ɗin farko ya dawo daga Oshodi,
salansa na ɗigar ruwa, ruwa zalla.
Na tara tafina, da ɗumi.

A Agege, Ladiyo kan tambaye ni
me nake yi da sabuwar tsintsiya kowane mako,
alhali ko ɗakina ba na sharewa.
Nakan ce, ajiye min ita kusa da takalmi,
ita ke shiga gaba.