Takardar Kifi

Ƙarfe biyun dare, a kan tudun Valparaíso,
Fresia ta ce bari ta yi shara kafin ta kwanta.
Jakunkuna sun cunkushe a gefen allo
kamar kwale-kwale ranar da teku ta hana fita.
Ta zaɓi uku. Ta huɗu ta biyo su, ba ta lura ba.

Akwati ya tambaya: kin tabbata?
Ya sha yi mata tambayar har ta daina jin sa,
kamar gaisuwar maƙwabci a kan matakala.
Ta danna eh.

A zatonta daga jerin kawai za su sauka.
Ashe har saiwa aka tumɓuke.

Babu ƙara. Wannan ya fi ci mata rai.
Ko kofi ne ya faɗi ai ya yi kuka.
Aikin wata biyar, manhajar awon kifi
da ta yi wa ƙungiyar masunta alkawari,
ya tafi ba ko sallama,
firiji bai fasa gurnaninsa ba.

Ta leƙa kwandon shara: wayam.
Ta danna koma-baya har yatsa ya yi zafi.
Kwafin ajiya kuwa, tun Mayu take ce masa gobe.
Da na sani ƙeya ce. Ta shafa tata.

Da asuba ta gangara bakin ruwa.
Wanta Anselmo na zaune, koma a cinya, allura a haƙori.
Bai san mene ne fayil ba.
Ya dai ce, "Wane ƙulli ya rage?"
Ta ce babu.
Ya ce, "Ban taɓa ganin komar da ta yage duka ba."

Can ga innarsu tana naɗe wa wata mata kifi
a farar takarda mai ƙananan layuka.
Fresia ta gane baka-biyun nan, ta gane kuskuren
da ta zagaye da jan biro a watan jiya,
ranar da idonta ya gaji da allo ta buga shafukan.

"Inna, saura nawa?"
"Wannan? Duba ƙarƙashin sikeli."

Goma sha ɗaya, cikin sittin.
Ɗaya ma ruwan kifi ya cinye rabinsa.

Yanzu tana zaune, taga a buɗe saboda ƙarni,
tana kwafa layi bayan layi.
Duk layi goma sai ta adana, wuri biyu.
Kyanwar maƙwabta ta hau teburi
tana shinshinar shafi na bakwai.